Ranar da Na Hau Lilo Babu Goro

Tun zamanin Turawa ne, shekarar da aka kafa ƙaton lilon katako a kasuwar Agyaragu don bikin Kirsimeti. Matata Ladi ta yi ta shiri: ta tambayi maƙwabtan da suka riga mu zuwa, ta dafa doya, ta ƙulle goro a haɓar zani.

Na ce, "Ladi, yaƙi za mu? Ni da na hau jirgin ƙasa daga Lafia har Makurdi, lilon yara ne zai gagare ni?"

Ta ce, "To, maigida."

Muna isa na gyara babbar riga, na haye kamar alƙali. Ashe samarin da ke tura lilon ba sa sauke babban mutum sai ya jefo musu goro. Kowa ya san haka, ban da ni.

Da farko har hannu nake ɗaga wa jama'a. Can hulata ta kama hanyar Keana, sakwarar safe kuma ta fara neman mafita. Na yi ihu, "Ku tsaya!" Suka ce, "Baba, goro!" Suka ƙara ƙaimi.

Na hango Ladi a gindin mangwaro, ta ɓare goro ta kai baki.

"Ladi, ki cece ni!"

"Maigida, ai ba yaƙi muka zo ba."

Sai da na kira uwata a bainar jama'a, sannan Ladi ta miƙa musu goron.

Har yau, ko keke zan hau, sai wani ya miƙo mini goro: "Baba, riƙe, saboda sauka."