Ranar da Na Auna Ango da Ubansa

Ba zan taɓa mantawa ba da walimar auren ƙanena Sani, ɗan Baffa Lawal, a Batsari. Lokacin na dawo hutu daga karatun digiri na biyu, kaina ya kumbura har hula ba ta zama daidai.

Ana cikin cin shinkafa sai Baffa ya miƙo mini makirufo. "Ɗana, gaya wa surukanmu na Zakka abin da kake karantawa."

Da na ce kimiyya na zauna, da an rabu lafiya. Ina! Na gyara babbar riga, na ce aikina auna nisa a cikin DNA, zaren halittar da ke jikin kowa. Na bayyana yadda muke maƙala 'yan alamomi biyu a jikin zaren, kowace kamar ɗan mayen ƙarfe, mu daskarar da shi, mu sa a inji mai ƙarfin maganaɗisu. Yadda alamomin ke jin juna shi ke nuna tazarar da ke tsakaninsu. (Har yau ina ganin bayanin ya yi kyau, wallahi.)

Na ga idanu sun yi zuru, sai na ce bari in kwatanta. Na ari rawanin wani dattijo, na ba ango bakinsa ɗaya, na ba Baffa ɗayan, su ne alamomin ke nan. Na ja Sani can gefen rumfa, na ɗaga murya:

"Jama'a kun gani? A gwajin DNA, in aka samu nisa irin wannan tsakanin Sani da Baffa, inji ba zai ga wata alaƙa ba!"

Na manta cewa a wajen mutanenmu DNA aiki ɗaya gare ta, gano uban yaro. Na kuma manta lasifika na kai magana har cikin gida. Sai ga salatin Inna, mahaifiyar ango, ya tsallako katanga.

Kawun amarya ya ajiye cokali. "Malam, tsaya. Wato yaron da muka ba 'yarmu ba ɗan Alhaji Lawal ba ne?"

"A'a Kawu, misali ne!"

"Misali da uban mutum?"

Mutanen Zakka suka fara neman takalmansu. Sai da liman ya bi su har bakin a-kori-kura yana rantsuwa cewa a gabansa aka raɗa wa Sani suna, kuma ga hancin Baffa nan a fuskarsa, kowa ya duba. Da ƙyar suka dawo.

Inna ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Auren dai yana nan, har da 'ya'ya biyu. Ni kuwa, yanzu duk wanda ya tambaye ni aikina a taron biki, sai in ce, "Malamin makaranta ne," in ci gaba da cin shinkafata.