Goshin Lokotoro Alƙasim

A yi wa Tamaske barka. Garuruwan Adar da yawa sun tura 'ya'yansu Abijan bayan shekarun fari, kowa kuma ya dawo da abin da ƙarfinsa ya kai: wani rediyo, wani keke, wani tari. Tamaske kaɗai Allah ya dawo wa da Alƙasim. Ya tafi da buhu a kai, ya dawo da madubi uku, da farar riga mai aljihu a ƙirji, da wani labari mai tayar da hankali: ashe duk fuskokin garin ba su da lafiya, ba su dai sani ba.

Kafin zuwansa mutane suna yawo da fuskokinsu yadda aka ba su. Rana ta gasa, iskar tudu ta busar, hayaƙin murhu ya shafa, ƙurji ya fito ya tafi ya bar shaidarsa, ba wanda ya kai ƙara. Alƙasim ne ya fara kallon fuskar mutum ya girgiza kai, kamar manomi a bakin gonar da fara ta kwana.

Ya kafa rumfa a gefen kasuwa, tsakanin masu albasa da maɗinka. Sunan Lokotoro, wato likita, ba shi ya ba kansa ba, a yi masa adalci. Gaisuwar da ba ta zo da sunan ba ce kawai ba ya ji. Farar rigar kuwa, waɗanda suka zauna Abijan tare da shi sun ce a gidan burodi ake raba irinta. Hassada dai ba ta barin babban mutum ya huta.

Aikinsa abin kallo ne. Zai zaunar da mutum, ya lulluɓe shi da zane a kan tukunyar ruwan zafi da ganyen lemo. Sirace ne, wanda kowace tsohuwa a garin take yi wa mai mura, amma a rumfar Lokotoro yana da wani dogon suna na Faransanci da ba ya faɗuwa sai an ɗaga haɓa. Daga nan a shafe fuska da farar ƙasa har ta bushe ta tsage kamar tabki a bazara, a wanke, a goga lemon tsami, mai fuska ya yi hawaye, Lokotoro ya ce cutar ce ke fita. Sannan a zo kan sarkin aikin: man cire tabo, cikin ƙananan kwalabe jere a kan katako.

Ranar kasuwa yakan hau benci ya yi wa jama'a nasiha.

"Jama'a, ku saurara! Huska ita ce katin mutum. A Abijan, in ka tahi buro, wato ofis, da tabo ga kunci, ko kujera ba a ba ka. Ni na ga matan manya da idona. Kuna tsammani haka anka haihe su? Aiki ne! Siyans ne, ilimin Turawa! Ku kuwa kun bar rana tana rubutu bisa huskokinku kamar allo, nan baƙi, nan ja, nan ba a san mi ne ba. To Allah ya kawo muku mai gogewa."

Sai dai a fuskar mai gogewar akwai tabo guda da ba a taɓa kai wa farmaki ba. A tsakiyar goshinsa yake, baƙi, zagaye, da ɗan kauri: tabon salla. Da shi ya dawo daga Abijan. Abokan zamansa na can, su dai masu hassadar nan, sun ce ba su cika haɗuwa da shi a masallaci ba, amma sun sha ganinsa yana tura amalanke da goshi a hawan tashar jiragen ruwa, in hannu ya gaji. Wannan magana ba ta dace da mutum irinsa ba, don haka a bar ta a nan.

Alƙasim yana son tabon nan fiye da madubansa uku, kuma a wannan bazarar yana da aikin da zai yi masa.

A masallacin unguwarsu akwai wuri guda, daidai bayan liman a sahun farko. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa wa kowa rawani a kansa. Amma mai tsayawa nan shi liman ke fara miƙa wa hannu bayan sallama, shi ake fara ba goro, kuma in liman ya sami uzuri shi ke matsawa gaba. Wannan na ƙarshen ya ɗan dami Alƙasim, don karatunsa bai wuce gajerun surori ba, amma ya duba ya ga liman lafiyarsa ƙalau. Malam Inuwa, tsohon da ya riƙe wurin tun Alƙasim na yaro, ya rasu. Al'adar masallacin ita ce a bar wurin ba kowa har ranar sadakar arba'in, sannan liman, Malam Isiyaku, ya waiwaya ya yafito wanda ya ga dama. Ba a nema da baki.

Alƙasim bai nema da baki ba. Goshinsa ya tura. Hularsa ta riƙa ja da baya kullum har ta koma tana riƙe da ƙeya da ikon Allah. In zai gaida liman, wanda idonsa ya fara rauni, sai ya sunkuya yadda goshin zai riga gaisuwar isa. A ƙofar masallaci ya gano inda hasken la'asar ke faɗowa, nan yake tsayawa cire takalmi, takalmin kuma ya riƙa yi masa gardama.

Da komai ya tafi daidai in ba don Tabawa ba. Tabawa mai albasa 'yar kawunsa ce, wato taubashiyarsa, kuma kowa ya san dokar taubasai: ta faɗa maka abin da ta ga dama a tsakiyar kasuwa, in ka yi fushi kai ne abin dariya. Ta shafa man Lokotoro tun daga sanyi har zafi ya shigo, baƙin da rana ta ɗora mata a kumatu yana nan inda yake, ƙura ce kawai ta sami wurin maƙalewa.

Ta same shi a kan benci, yana tsakiyar nasiha.

"Ɗan gwaggo, sannu da aiki."

"Lokotoro," ya gyara mata.

"To, Lokotoron gwaggo. Wanga mai naka, kowane tabo shina ɗaukewa?"

"Kowane, ɗiyar kawu. Naki dai ya tsufa ne, sai haƙuri."

"To ga wani nan bisa goshinka kamar gindin tukunya. Mi ya hana ka fara da gida?"

Masu albasa suka bar awo. Maɗinka suka tsayar da keke. Alƙasim ya ji zufa ta sauka a bayansa. In ya ce man ba ya iya tabon, rumfa ta mutu. In ya ce yana iyawa, tabon ya zama datti kamar na kowa. Da wani ne, da ya ruɗe. Shi kuwa ya tuna abin da shi kaɗai ya sani: kowace kwalba a kan katakon nan, ɗan lakace ne na man Abijan a cikin ƙwaryar man kaɗe da farar ƙasa. Ko sawun ƙuda ba za ta goge ba. Hankalinsa ya dawo, ya zo da riba.

"Ku shaida, jama'a!" ya ɗaga yatsa sama. "Wanga mai nawa shina cire tabon duniya. Wanga ba na duniya ba ne. A shafa mishi safe da maraice har kasuwa mai zuwa. In ya gusa, ku kira ni maƙaryaci."

"Madalla," in ji Tabawa. "Ni za ni shafa. Kuma ni za ni zaɓi kwalba."

Ta miƙa hannu ta tsallake kwalaben da ke jere, ta kai can sama, ta sauko da wadda ba a taɓa buɗewa ba, mai hoton wata mace tana murmushi, man Abijan zalla ba gauraye, wadda Lokotoro ya ajiye don ado.

"Waccan ta kallo ce," ya ce, muryarsa ta ɗan sirance.

"Ashe akwai bambanci tsakaninsu?"

"Babu!"

"To."

Ta ƙulle kwalbar a bakin zane. Safe da maraice takan zo, ta lakato da babban yatsa, ta murza masa a goshi kamar mai yi wa ɗan maraƙi shaida, 'yan kallo suna tsaye. Man yana ci kamar barkono. Alƙasim yana murmushi, yatsun ƙafarsa suna tona ƙasa a cikin takalmi.

Sai ga abin mamaki. Tabon bai gusa ba. Ya ma ƙara baƙi, ya ƙara tauri, ya yi sheƙi. Kasuwa ta zagayo, jama'a suka duba, Tabawa da kanta ta kama haɓarsa ta juya shi wajen rana ta duba, ta taɓe baki ta koma wajen albasarta. Labari ya hau motocin kasuwa ya kai Keita da Ibohamane: akwai wani bawan Allah a Tamaske da tabonsa ya gagari man Abijan. Mata suka riƙa nuna wa mazajensu shi. Alƙasim ya sake hawa benci.

"Ni ban so a sani ba," ya ce, ido a ƙasa, goshi a sama. "Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinai sirri ne. Amma tunda kun matsa."

Ana saura kwana kaɗan sadakar arba'in, da hantsi, yana wanke fuska a bayan rumfa, sai ya ji wani abu ya biyo hannunsa. Ya duba tafinsa. Ga tabon nan kwance, baƙi, zagaye, kamar ɓawon albasa. Ya ruga gaban madubi. A inda tabon yake, wata ya fito, fari tas, cikakke, irin na daren sha huɗu. Ya koma madubi na biyu ko zai fi na farko tausayi. Na uku ma bakinsu ɗaya.

Ɗan kasuwar da ke cikinsa ya so ya yi kuka. Ga shaidar da ya yi shekaru yana yi wa rantsuwa, man Abijan yana aiki, aiki ma na gaske, kuma duk Adar ba mahalukin da zai iya nuna wa.

Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Ya ari kwallin matarsa ba tare da ya dame ta da tambaya ba, ya kankaro baƙin tukunya, ya kwaɓa da man kaɗe. Ya ɗora murfin kwalba a goshi ya zana da'ira, ya cike ta a hankali. Gaskiya a faɗe ta, sabon tabon ya fi tsohon kyau. Kullum sai ya yi alwala a gida, ya bushe, ya zana, sannan ya fita. Ya yi sujada a tabarma sau da yawa, tabarmar masallaci kuwa ta ga goshi iri-iri, ba ta tona asirin kowa.

Ranar arba'in ta zo da zafin da ke sa duwatsun tudu su yi rawa a ido. Ko ganyen gawo bai motsa ba. Masallacin ya cika da baƙi har waje, ginin ƙasa ya riƙe numfashin mutane ya mayar musu da shi da ɗumi. Malam Isiyaku ya shigo cikin sabuwar babbar riga fara ƙal, mai faɗi, tana jan ƙasa. Aka ta da iƙamar azahar. Ya waiwaya, ya kanne idonsa mai rauni, ya bi sahu da kallo. Abin da ya fi komai fitowa a sahun nan shi ne baƙin da'ira. Ya ɗaga hannu ya yafito.

Alƙasim ya taka zuwa wurin kamar mai tafiya a kan ruwa. Don kada wani ya yi shakkar wa ke bayan liman, ya ƙara matsawa gaba kaɗan, sannan ya ƙara kaɗan.

Aka yi ruku'u, aka tafi sujada. Rigar liman ta bazu a bayansa kamar shanya. Goshin Lokotoro, jiƙe da zufa, bai sami tabarma ba, ya sauka a kan farin yadi mai laushi. Ya ji daɗin wurin. Dama shi mutum ne mai daɗewa a sujada in akwai jama'a, sai ya daɗe.

Da aka miƙe, sahun farko ya gani. A gindin rigar liman ga da'ira baƙa, zagaye, kamar hatimin buro. Dariya tana ɓata salla, kowa ya sani, don haka dattawan Tamaske suka shiga jarrabawa mafi tsanani a rayuwarsu. Wani ya ciji leɓe. Wani ya kama tari. Maiguwa maɗinki, wanda ya ɗinka rigar da hannunsa, ya yi wani nishi daga can cikin ciki. Alƙasim bai ga komai ba, don ya lumshe ido saboda tsoron Allah. Kowace sujada ta bar nata hatimin, na baya ya fi na gaba haske, har tawada ta ƙare.

Liman ya yi sallama, ya juyo, ya miƙa hannu ga na bayansa kamar yadda aka saba. Hannun ya tsaya a hanya. A gabansa ga farin wata a goshi, ga baƙin ruwa ya gangaro ta gefen hanci ya taru a gemu. Maiguwa ya kamo gindin rigar ya zagayo da shi gaba. Malam Isiyaku ya kawo yadin dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa, ya shinshina, ya sake duban goshin.

"Lokotoro," ya ce a hankali, "Allah shi karɓa. Amma ka gani, ni riga guda gare ni."

Ya ɗaga ido ta saman kan Alƙasim, yana neman wani a cikin sahu.

"Ɗan matsa mini gefe, ɗana. Wurin ga shina son goshin da ba ya zuba."