Yaƙin Kumfa a Rumfar Inna Kande

Wannan tarihin sadauki Istifanus ne, ɗan Bawa, ɗan Ranau, ɗan Arzika wanda ya taɓa korar bunsuru daga gindin rumbu da tsawa kaɗai. Istifanus ma'abocin ilmi, maƙetarin teku, gagara sanyin Ingila, wanda ya dawo gida da digiri, da tari, da kwalba guda ta giyar tuffa.

A rumfar Inna Kande mai burkutu akwai benci, ba mai hawansa sai wanda ya taɓa shayar da dattawa abin da suka yaba. Sauran talakawa a kan duwatsu suke zama. Istifanus, duk da digirinsa, dutse ne rabonsa. Sai ya ƙudura ranar kasuwa zai ci bencin nan da yaƙi.

Ya fito da la'asar, giyar tuffa a dama, giyar kwalba mai sanyi a hagu, ya durƙusa gaban Baba Anaruwa, shugaban benci, ya karkata ƙwarya, ya tsiyaya rabi daga wannan, rabi daga waccan, sannu a hankali kamar mai ɗiga magani a ido, numfashi a riƙe don kada kumfa ta farka, har rundunonin biyu suka haɗu bisa sulhu da aminci, launin zuma, ko ɗigo bai faɗi ba.

"Baba, ga abin da manya ke sha a can."

To, burkutu yakan kwanta a gindin ƙwarya, shi ya sa tun yana saurayi Baba Anaruwa bai taɓa kai ƙwarya baki bai motsa ta ba. Ya ɗauki ludayi.

"Baba, kar ka..."

"Kai yaro, ni za ka koya wa sha?"

Ya dama ta kamar fura. Nan take kumfa ta yi tawaye, ta haura bakin ƙwarya, ta mamaye hannun Baba, ta ci riga da yaƙi, ta gangara wando, ta kafa sansani a cikin takalmi.

"A ja da baya!" in ji Inna Kande, tana janye tukunyarta.

Istifanus gwarzo ya kutsa da tafin hannu biyu, ya kamo fursunonin kumfa, suka mace masa a hannu.

Baba ya kurɓi ɗan abin da ya tsira, ya taune leɓe.

"Ruwan alewa. Ga tsoro, daga taɓawa sai gudu. Kande, zubo mini ta gaske."

Sadauki ya juya ga dutsensa. Ya tarar akuyar Inna Kande ta riga shi, tana tuƙa. Ya sha burkutunsa a tsaye.