Ranar da na ɗinke ragar ƙwallon kwando

Ko da zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara ganin fastar nan a mahaɗar Kalgo ba. Ina bayan mashin, na taso daga Gwandu da buhun furannin roba a cinyata, sai idona ya faɗa kan hoton wani dogon saurayi riƙe da ƙwallo a hannu ɗaya, yana kallon nesa kamar mai kewar wata. Kafin mu kai kwanar jami'a na gama yanke hukuncin cewa ni ce watan. (Ku yi mini uzuri, lokacin littattafan soyayya sun fi tuwo yawa a cikina.)

Shi ne kyaftin na wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙwararru. An kammala sabon zauren wasanni a Kalgo, ana zawarcin ƙungiyar ta maida shi gidanta, ga kuma wani gari da yake neman ƙwace mana ita. Kawu Bello, yayan mahaifiyata, shi ne sakataren kwamitin. Ya daɗe yana zarya a kan maganar har ya rame, kullum zancensa samarin da za su samu abin yi da 'yan kasuwar da za su yi ciniki. Ƙungiyar za ta zo duba zauren, daga nan ta faɗi matsayarta.

Sana'ata kwalliyar wuraren biki ce, don haka na sa Kawu gaba da naci har ya ba ni aikin ƙawata zauren.

“Ki dai yi a hankali, ɗiyata,” ya ce. “Wanga ba ɗaurin aure ba ne.”

A zuciyata na ce, kai ke faɗi.

Ana gobe za su iso muka shiga ni da ƙawata Hauwa. Muka ja labule, muka jera kujeru, na tanadi turaren wuta. Can sai na ɗaga kai. Ragar da ke rataye a kowanne daga cikin kwandunan biyu a buɗe take ta ƙasa. To ni dangin uwata masunta ne, na tashi na ga ana ɗinke raga idan ta huje. Ban taɓa zama na kalli wasan ba ko sau ɗaya, fasta kawai na kalla.

“Hauwa, kin ga cutar 'yan kwangila? Sabon zaure da yagaggiyar raga!”

“Anya ba haka take ba?”

“Duka biyun? Riƙe mini tsani kawai.”

Na hau tsanin masu wutar lantarki da zaren saƙa da kwarashi. Na ɗinke gindin kowace raga tsaf, ɗinkin da ko kifi ba zai zille ba, na naɗe bakin ƙarfen da jan fure, na rataya tuntu a ƙasa. Ina yi ina hango yadda kyaftin zai tambaya, cikin murya mai sanyi, wace ce ma'abociyar wannan hannu.

Washegari zaure ya cika maƙil. Sun iso a makare, don haka daga mota aka wuce da su fili. Mai gabatarwa ya yi ta kirari, har ya nuna ni ya ce duk kwalliyar nan aikin 'yar Gwandu ce. Na miƙe cikin leshina ruwan hoda, na ɗaga hannu kamar matar gwamna. Daga nan aka roƙi kyaftin ya jefa ƙwallon farko don buɗe zauren.

Ya buga ta ƙasa, ya ɗaga, ya saki. Ta faɗa kwandon ba ta ko taɓa ƙarfe ba. Aka ɗau tafi. Sannan tafin ya fara mutuwa, domin ƙwallo ta zauna daram a raga kamar kaza kan ƙwai, tuntuna na lilo a ƙarƙashinta.

Kyaftin ya tsaya yana jira. Ya yi tsalle ya doke ta daga ƙasa, ta yi sama ta koma mazauninta. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya, “Ta ƙi sauka, tana son Kalgo!” Zaure ya tarwatse da dariya.

Mai horar da su, wani dattijo mai furfura, ya leƙa ƙasan ragar ya ce, “Wa ya ɗinke wannan?”

Ba sai an nema ba, ai yanzun nan na ɗaga hannu. Duk idanu suka juyo kan leshi ruwan hoda. Kawu Bello ya cire hula ya goge zufa. “Ke, mi na ce miki? Mi na ce miki jiya?”

Ni aka sa na hau tsani na warware, tunda ni na san inda ƙullin yake. Wanda ya riƙe mini tsanin kuwa kyaftin ne da kansa. A littafi nan ne ake haɗa ido. Ni dai abin da na ji shi ne tsanin na rawa, saboda dariyar da yake ƙoƙarin dannewa.

Kwana da kwanaki Kawu bai amsa gaisuwata ba. Sai wata safiya ya aiko a kira ni. Ƙungiya ta amince za ta dawo Kalgo. Mai horarwar ya ce garin da jama'arsa suka cika zaure ba tare da sun san wasan ba, idan suka san shi sai an ƙara kujeru. Sharaɗi ɗaya ya gindaya da wasa, Kawu kuma ya ɗauke shi da gaske: kada a sake ba ni tsani.

Tun daga ranar, duk abin da na tarar a buɗe sai na tambaya kafin in rufe.

Kyaftin ya yi shekaru yana buga mana wasa har gwiwa ta sa shi ritaya. Yanzu injin casar shinkafa gare shi a hanyar Diggi, ya ajiye tumbi. Da zai auri wata malamar asibiti, ni ya nema na yi kwalliyar dina. Yana miƙa mini makullin wurin ya ce, “Hajiya, ki yi duk yadda kike so. Ƙofar fita kawai nake roƙo ki bar mana a buɗe.”