Yadda Ake Kama Shabbuɗ a Madina Ko Ba Ka Taɓa Ganin Kogi Ba

Wannan darasi naka ne, kai mai son kama shabbuɗ, ƙaton kifin nan na ruwan daɗi mai gemu a gefen baki, a garin da ba shi da kogi, sai dabino da baƙin dutse. Ka bi matakan nan sau da ƙafa, na ɗaukar maka alkawari ba za ka koma gida hannu rabbana ba. Lawali, ma'aikacin wata gonar dabino a unguwar Awali, shi ya fara gwada su, kuma yana nan da ransa, har ya yi kumatu.

Mataki na 1: Ka cika bakin da ba ya janyuwa

Ba a kama kifi da kwanciyar hankali, sai an ƙure mutum. Don haka ka nemi wurin da ƙarya za ta yi maka tsada, ka yi ta a can.

Lawali gidan surukai ya zaɓa. Ya je unguwar Harra ta Yamma gaida Baba Maigandi, tsohon direba mutumin Yauri, mahaifin Najwa da yake nema da aure. Ana shan shayi tsohon ya kama ƙorafi: kifin garin nan duk na teku ne, gishiri da ƙanƙara, shi rabonsa da kifin kogi tun yana da baƙin gashi.

Lawali ɗan wani ƙauye ne bayan Dakoro, ruwa mafi faɗi da ya taɓa gani a garinsu shi ne kwamin shayar da raƙuma. Amma ya ji motsin Najwa a bayan labule, sai bakinsa ya riga shi.

"Baba, ai mu gidanmu masunta ne, kaka da kakanni."

Tsohon ya ajiye kofi a hankali. "Madalla, ɗana. To maganar sa rana mu jingine ta, sai na ci kifinka."

Mataki na 2: Ka zaɓi tafkin da ba ya son mutane

Kada ka je inda kifi ke da sauƙin kai, mutuncinka zai zube. A ƙarshen gonar da Lawali ke aiki akwai wani tafki da mahaifin kafilinsa, wato ubangidansa mai gonar, ya haƙa tun da daɗewa, ya zuba masa 'ya'yan shabbuɗ don sha'awa. Mai tafkin ya rasu, kifayen suka ci gado. Gefen tafkin dogayen ciyayi ne, ƙasansa taɓo da kututturan dabinon da suka faɗa ciki.

Ka jira kaka, bayan an gama tsinkar dabino, zafi ya karye, ruwa ya fara sanyi. A lokacin ne kifi yake ƙiba, kuma a lokacin ne yake raina mutane. Kafilin Lawali da ya ji buƙatarsa dariya ya yi har ya riƙe ciki. "Tafaddal," in ji shi, wato bismilla. "In ka kama, ka kira ni in ɗauki hoto."

Mataki na 3: Ka ciyar da su har su ji kunya

Masana sun tabbatar kifin da ya ci abincinka sau da yawa nauyinka zai kama shi. Masanan ba su faɗi yaushe ba.

Lawali ya sayi fatsa, ya sa mata tamis, burodin karin kumallonsa. Suka cinye, suka bar masa ƙugiya fes. Ya sa wake, ya sa masarar gwangwani, ya sa cuku. Kullum da la'asar in ya tashi aiki yana bakin ruwa, yana kallon bayansu baƙi ƙirin suna juyi kamar manyan mutane a ɗaurin aure. Zaren ya tsinke a kututture ya fi a ƙirga. Abu mai rai guda da ƙugiyar ta kama shi ne kunnen Lawali, ran da ya yi jifa da ƙarfi.

Mataki na 4: Kada ka sayo a kasuwa

In kuma abokinka ya rinjaye ka, ka tabbatar ƙanƙarar ta narke.

Issoufou, abokin ɗakinsa, ya ce kifi kifi ne, tsoho bai da idon tantancewa. Lawali ya sayo wani dogon kifi, ya shafa masa taɓon tafki, ya kai Harra. Najwa ce ta karɓi ledar a bakin ƙofa. Haihuwar Madina ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Ta leƙa ciki, ta zaro ɗan dunƙulen ƙanƙara daga bakin kifin, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Hada samak bahar, ya Lawali," ta ce, wato kifin teku ne. Ta danne dariya da gefen mayafi, ta gaya masa ƙasa-ƙasa ya ɓace da shi kafin Baba ya fito daga alwala. A daren nan ɗakin su Issoufou aka ci daɗi, Lawali kaɗai ne bai ji ɗanɗanon komai ba.

Mataki na 5: Ka tafi da surukinka

Wannan matakin ba kai za ka zaɓe shi ba. Wata Juma'a da hantsi Lawali ya ji hon a ƙofar gona, sai ga Baba Maigandi da tabarma da fulas ɗin shayi.

"Na zo ganin aikin masunta," in ji shi.

Lawali ya ruga ya ɗauko kayan kamun. Amma tsohon bai ko dubi fatsar ba. Ya cire takalmi, ya tsoma ƙafafunsa a ruwan. Can ya fara ba da labarin Yauri: kwalekwalen kawunsa, hayaƙin banda a tsakar gidansu, yadda mahaifiyarsa ke ɓoye masa kan kifi a ƙasan tuwo. Lawali ya ga idonsa ya kawo ruwa, ya kau da kai, ya shiga zuba shayi.

Juma'ar da ta biyo tsohon ya sake zuwa, da wadda ta biyo ta. Ba su kama komai ba, kuma tsohon bai taɓa tambaya ba.

Mataki na 6: In ya ja, ka bi shi

Ran da abin zai faru Baba Maigandi na riƙe da sandar fatsar yana cin dabino. Ɗaya ya yi wa haƙorinsa tauri, sai ya maƙala ragowar a ƙugiya ya jefa. Bai gama goge hannu ba sandar ta lanƙwashe.

"Lawali! Taho, ya kama!"

Kifin ya nufi kututturan. Lawali ya ga zaren zai tsinke, ya ga aurensa na bin zaren, sai ya faɗa ruwan da jallabiyarsa. Taɓo ya kwashe masa ƙafa, ruwa ya rufe shi har wuya. Ya lalubo wani abu mai santsi kamar buhun shinkafa, ya rungume, abin ya zabga masa wutsiya a fuska.

"Baba, ban iya ruwa ba!"

"Na sani! Miƙe tsaye, ba zurfi!"

Ya miƙe, ya tako a hankali, kifin na ƙirjinsa kamar jariri. Da ya zube a tudu yana haki ya ce, "Baba, tun yaushe ka san ni ba masunci ba ne?"

"Tun ran da na ga kana bismilla kafin ka taɓa ƙugiya, kana kuma salati bayan ka taɓa ta." Tsohon na dariya har tari ya sarƙe shi.

Mataki na 7: Ka saki baki ka yi kallo

Baba Maigandi ya ɗora kifin a cinyarsa, ya shafa ɓawon cikinsa mai ruwan zinariya, ya sunkuya ya shaƙi ƙarninsa ido a rufe. Sannan ya cire ƙugiyar, ya tura shi cikin ruwa.

Lawali ya dafe kai. "Baba! Kifin auren ne fa!"

"In muka cinye shi, me za mu zo yi Juma'a mai zuwa?" Ya wanke hannunsa. "Ka turo manyanka a sa rana. Ka canja riga tukuna, kada mu rasa salla."

Hattara

Mai wannan darasi ba ruwansa da tsinkewar zare, hujin kunne, ko wayar da ta sha ruwa a aljihu. Kafilin da bai samu hotonsa ba ya kai kukansa gaba. In kuma ka bi matakan nan ka wayi gari da mata, da surukin da ke danna maka hon kowace Juma'a tun ba ka gama shan shayi ba, alhali har yau ba ka ɗanɗana shabbuɗ ba, to kai da shi. Ka ɗauki tabarmar, yana jira a mota.