Talatar da Na Shayar da Albasar Malam Idi

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a ƙarshen sanyi, shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba. Har yau akwai mutanen da ba su san sunana na yanka ba, amma ka ce musu "mai auduga" yanzu za su nuna maka ƙofar gidanmu.

Na dawo gida ne da kwalin difloma a fannin noma, kaina ya kumbura, ko hula ba ta zama. Burina ɗaya ne tak: Baba ya damƙa mini gonarmu ta rani, eka guda da ke bakin kanal, wato magudanar ban ruwa. Gwiwa ta fara damun Baba, kowa kuma ya san a bana zai miƙa gonar ga ɗayanmu, ko ni ko Sani. Sani ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba, wato taubashina. A gidanmu ya tashi, bai wuce firamare ba, tun yana ƙarami a cikin laka yake. Kun dai san wasan taubasai. Tsakanina da shi babu maganar gaskiya ko ɗaya, ya taɓa aika ni har Garun Mallam a keke in karɓo saƙon da babu shi.

Da na kai wa Baba buƙatata, bai ja zance ba.

"Ranar ruwanmu Talata ce," in ji shi. "Ka je kai kaɗai ka ba albasa ruwa, daga buɗe ƙofa zuwa azahar. In na zo na ga aiki, gona taka ce. In ban gani ba, ta Sani ce."

(Ga wanda ba ɗan yankinmu ba: ruwan rani a wajenmu layi ne. Sau ɗaya a mako mai ƙofar ruwa ke buɗe wa sashenku, lokaci na cika ya rufe ya hau kekensa. Ko kuka za ka yi, sai wata Talatar.)

Mai hankali cewa zai yi "to, Baba," ya ɗauki shebur jibi ya tafi. Ni kuwa sai na gyara zama na ce a ba ni kwana arba'in in shirya.

Baba ya dube ni ya daɗe. "Kwana arba'in? Haihuwa ka yi?"

Inna ta leƙo daga madafa ta ce in haka ne bari ta fara dama kunun kanwa. Ban yi dariya ba, don ni na san abin da ba su sani ba. A kwaleji wani baƙo mai kwat ya taɓa zuwa ya yi mana lacca a kan yadda ake cimma babban buri. Ya ce duk wani babban aiki sau biyu ake yin sa, da farko a zuci, sannan a fili. Ya kuma ce ranar da ka tashi yin abinka masu karya gwiwa za su fito, galibi ma daga cikin gidanku, to kada ka saurari kowa. Wallahi wannan maganar ta zauna mini fiye da duk abin da aka koya mana a shekara biyu.

Baba ya amince, sai na shiga shiri. Kullum bayan sallar asuba ina bayan rumbu a kan buzu, ido a rufe, ina ganin kaina a gonar. Ga darbejiyar kusurwa, ga kanal, ga ni ina tura ruwa cikin kwamin albasa fangali bayan fangali, ga Baba yana gyaɗa kai. In na gama sai in ari madubin Inna in dubi kaina in ce, "Kai ne mai gonar nan," sau bakwai. Rannan ta kama ni, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Wai ko in kira Malam ya yi maka tofi ne?"

Saifon ma na koya, wato lanƙwasasshen bututun robar nan da ake zuƙo ruwa da shi daga kanal zuwa gona. Tayar da shi sai gwani: ka nutsa shi, ka toshe bakin da tafin hannu, ka fizgo da sauri. A bahon wankin Inna na yi ta gwadawa har na jiƙe mata tsakar gida, amma fa na iya. A ba ni wannan.

Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne rashin sauraro. Sai a zauna cin tuwo, Baba na magana, ni ina "to, Baba, to, Baba," alhali hankalina na can a fangali na uku. Ina jin daɗi har cikin raina, wai na mallaki zuciyata. Gonar kuwa ban taka ta ba ko sau ɗaya a kwanakin nan. Me zan je nema? Wurin da na sani tun ina rarrafe? Kuma in na je Sani zai faɗi wata maganar da za ta ɓata mini hoton da na gina.

Talatar da ta biyo bayan kwana arba'in ɗin na tashi jikina ba nauyi ko kaɗan. Na ɗauki shebur da saifon huɗu. Na kuma yagi audugar Inna na cusa a kunnuwa biyu, saboda masu karya gwiwa. (Eh, ni na yi wannan, da hankalina, ba wanda ya sa ni.)

Ina isa gindin darbejiya na daskare. Albasa duk ta kwanta! Lawashin ya yi rawaya ya zube, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Inna lillahi! Haka Sani ya bar amfanin Baba? Raina ya ɓaci, amma can ƙasan zuciyata daɗi ne, don na ga Allah ya kawo ni in zama mai ceto. Ruwa na isowa na tayar da saifon huɗu a jere, ko ɗaya bai ƙi ba. Na tare kanal ɗin sosai yadda ko ɗigo ba zai wuce ƙasa ba. Na ba albasar nan ruwa irin na wanda ya daɗe da kishirwa, kowane fangali sai da ya cika ya tumbatsa.

Ba a jima ba masu karya gwiwa suka fara fitowa, daidai yadda mai kwat ya faɗa. Wasu mata masu cirar ciyawa a gonar gaba suka miƙe suna ɗaga mini hannu. Na ɗaga musu. Wani dattijo ya tsayar da kekensa a kan hanya yana kaɗa hannu biyu kamar mai korar tsuntsaye daga shinkafa. Na dunƙule hannu na jinjina masa, na juya baya.

Sai ga Sani a guje, ko takalmi babu. Bai tsaya sallama ba, ya yi kan saifon ya fizge guda. Na ture shi har ya zauna a laka. Na zare audugar kunne ɗaya don in ji irin ƙaryar da ya zo da ita yau.

"Ɗan boko, tsaya! Ba gonarmu ba ce! Bana ta Malam Idi ce, tamu tana can ƙasa! Wallahi tallahi!"

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Sani ke nan. Ta Garun Mallam ta ishe ni. Na san abin da kake so, kuma ba za ka samu ba."

"Na rantse maka fa!"

Da ina da kai, nan ya kamata in tsaya, don taubashi ba ya rantsuwa a cikin wasa. Amma kwana arba'in na yi ina horar da zuciyata domin wannan lokacin. Na mayar da saifon, na ce masa ya matsa yana tare mini aiki. Ya dube ni baki buɗe, ya juya ya ruga neman Baba, wanda ya tafi suna wani ƙauye da sassafe.

Ana kiran azahar ruwa ya ɗauke. Na tsaya a kan gefen gona, shebur a kafaɗa, ina kallon aikina yana ƙyalli a rana. Har jawabin da zan yi wa Baba na riga na tsara. Sai ga babur ɗin Sani da Baba a baya, ga kuma Malam Idi maƙwabcinmu a keke yana taka shi kamar ba dattijo ba.

Malam Idi bai jingine keken ba, sakin sa ya yi ya faɗi. Ya shiga cikin lakar da takalmansa na zuwa unguwa. Ya sunkuya ya tumɓuko albasa guda, ƙatuwa, ruwa na ɗiga daga jikinta. Ya juya ta, ya sake juya ta.

"Kwana goma sha huɗu da na ɗauke mata ruwa," ya ce wa Baba. "Jibi za mu cire, Malam Bala. Jibi."

Jama'a, a nan ne na tuna. Albasa in ta nuna lawashinta kwanciya yake yi, sai a hana ta ruwa ta bushe, in ba haka ba ruɓewa za ta yi. Mun yi wannan a aji. Ya fito a jarrabawa. Na ci makin gaba ɗaya!

Baba bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya nuna kunnena ya ce, "Cire wancan tukuna." Ashe ɗaya audugar na nan. Na zare ta a gaban matan nan da dattijon keke da mutanen da ban san daga ina suka ɓullo ba, na rasa inda zan sa ta, na riƙe a hannu.

"Ban gaya maka mun yi musanya da Malam Idi ba? Shinkafarsa ba ta tashi da wuri ba, yana son dashen farko, na ba shi tamu na karɓi tasa. Ban gaya maka ba?"

Irin wannan musanyar ba baƙon abu ba ne a wajenmu, maganar baki ce tsakanin maƙwabta, ba takarda ba shaida. Duk sashenmu an sani.

"Sau uku ya faɗa a gabana," in ji Sani a hankali, kuma ba da wasa ba. "Kana ce masa to."

Muka gangara ƙasa, inda tamu take. 'Yar ƙaramar albasa, dashen baya, duk ta langaɓe a rana, ko ɗigo bai iso ta ba saboda na tare kanal. A safiya ɗaya na nutsar da wadda ba ta son ruwa, na hana wadda ke mutuwa dominsa.

Amma duk wannan bai kashe ni ba kamar abin da ya biyo baya. Baba, da gwiwar tasa mai ciwo, ya durƙusa a gefen gona ya cire hularsa yana ba Malam Idi haƙuri. Tunda nake ban taɓa ganin kan Baba ba hula a waje ba. Malam Idi ya yi sauri ya ɗaga shi yana cewa, "Haba Malam Bala, tashi, tashi, ƙaddara ce." Ni dai ina tsaye, na fi son ƙasa ta tsage in shige.

Kwana tara na yi ina tumɓuke albasar Malam Idi daga laka ina shanyawa. Wadda ya yi niyyar ajiyewa dole ya kai kasuwa da gaggawa, wata kuma ta ruɓe a hannuna, warin ya bi ni har cikin kayan sawa. Tamu kuwa Sani ne ya aro injin ban ruwa ya jawo daga magudanar ƙasa, ya ceto mafi yawanta. Baba bai yi wani taro ba. Talata na zagayowa ya ɗauko saifon huɗun nan ya miƙa wa Sani, ya dube ni ya ce in riƙe masa shebur. Rani uku na yi ina bin bayan mutumin da na ture a laka, kuma gaskiya a wurinsa na koyi noma.

Ban hana kowa shirya zuciyarsa ba, abu ne mai kyau. Tawa ta shiryu tsaf, ranar ko gezau ba ta yi ba. Amma ɗan'uwa, kafin ka rufe ido ka hango nasara, taka da ƙafarka ka je ka tambaya wacce ce gonar taku. In kuma ka ga mutum biyar suna ɗaga maka hannu lokaci guda, ba gaisuwa ba ce.