Ranar da Injin Alhaji Ci-Dutse Ya Gamu da Dutsen Inno

Duk faɗin Batsari da Safana, Allah bai yi masanin ƙarfe kamar Alhaji Tayyib ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Dillalin injunan fasa dutse ne, sababbi da na hannu, kuma abin da ya raba su a wurinsa bai wuce gwangwanin fenti ba. Tsohon inji kan shigo gidansa yana tari, ya kwana biyu ya fito ango.

'Yan kasuwa na kiransa Ci-Dutse, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce. Ko wurin suna da hular kwano yake zuwa bisa babbar riga.

"Ni fa ba ɗan tireda ba ne," in ji shi, "da masana'antu nake hulɗa. Injina in ya yi gyaran murya a Batsari, duwatsun Safana wasiyya suke fara yi."

Gaskiyarsa. Sai dai duk gwajin da yake wa masu saye da marmara yake yi, wadda ko akuya ta taka sai ta ruguje.

Rannan Malam Kamalu, mai kamfanin tsakuwa, ya zo ganin babban injin da ya shekara yana jiran mai tsautsayi. In ya saya, Alhaji ya shiga sahun manya. Aka tara jama'a, aka ta da janareta, aka zuba marmara, ta fito gari. Alhaji ya gyara hula.

"Madalla," in ji Kamalu. "To, a sa mashi dutse."

Babu dutsen gaske ko ɗaya a filin gwajin. Amma mai baki ba ya rasa ta cewa. Alhaji ya faɗa cikin gida, ya sa aka ciccibo dutsen niƙan mahaifiyarsa Inno, wanda ta gada wurin kakarta.

"Yau zamani zai haɗiye gargajiya!" Ya jefa shi a bakin inji.

Inji ya ciza. Ya yi ƙara irin ta jakin da aka danne, ya yi rawar ɗari, ya tofar da haƙora biyu. Bel ya tsinke, fenti ya dare, tsatsa ta leƙo tana gaida mutane. Kowa ya ga ashe angon injin nan har jikoki gare shi.

Sai ga Inno da sandarta. "Kai Tayyibu, in kun gama wasan a maido mani abina, gero na jira."

Aka zaro dutsen, ko ƙwarzane babu. Kamalu ya durƙusa ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa, ya jinjina kai. Alhaji ya matso yana bayanin cewa laifin janareta ne. Kamalu bai ko waiwaye shi ba.

"Inna, don Allah, wannan na sayarwa ne?"

Shi ne kaɗai abin da aka taya a gidan ranar.